Tsaba Da Ƙaiƙayi A Wasannin Ban Dariya

A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, in an idar da sallar lisha akan ga jama'a sun taru gaban talabijin, waɗansu a gida, waɗansu a gidan kallo. Mutum ya yini a gona ko a kasuwa, ya zo neman abin da zai ɗebe masa gajiya. Amma sau da yawa abin da akan nuna masa da sunan ban dariya bai wuce hayaniya ba. Wannan ya zagi wancan, mace ta fafari miji da taɓarya, a kwaikwayi gurgu ko mai in'ina, a mai da baƙauye wawa. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Manomin da ke zaune yana kallo, ai shi ne ake yi wa ba'a. Yaran da suka kalla kuwa, da safe sai su tasa ɗan'uwansu mai in'ina gaba a hanyar makaranta. Dattijo kuma ya rasa inda zai sa kansa don kunya, ya tashi ya bar wurin.

Ba haka Hausawa suka gāji raha ba. 'Yan kama sukan kwaikwayi malami yana karatu, alhali tuwo da fura suke wasawa, kowa ya yi dariya don ya san kwaɗayin nan akwai shi a cikinsa. Haka yara masu tashe da watan azumi sukan taɓa gwauro da marowaci, cikin wasa a faɗa wa gari gaskiya.

Tun da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962 an sami gwanaye da suka bi wannan turba. Marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne. Ya san bariki ciki da bai, saboda haka tsawarsa da gurɓatacciyar Hausarsa ba ƙage ba ne, hali ne na mutumin da kowa ya taɓa gamuwa da irinsa. Shi ma Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da ya fito a Karambana, sai mutum ya tuna da wani shisshigin da shi kansa ya taɓa yi. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, masu kwaikwayonsa suka ɗauki ihun, suka bar basirar.

To, ga ma'auni mai sauƙi. Wasan kirki shi ne wanda mutum ya ga halinsa a ciki, ya yi wa kansa dariya, kuma uba ya iya kallonsa tare da 'ya'yansa. Wanda bai cika wannan mudu ba ƙaiƙayi ne, kome yawan shewar da aka yi. Mai kallo shi ne mai saye, in ya ƙi ƙaiƙayi, tilas a kawo masa tsaba.