Sharhi a Kan Yadda Ake Koyar da Wata Sigar Aikatau ta Faransanci

Duk wanda ya yi karatun Faransanci, ko a Faris ne ko a Damagaram, ya san littafin nan na sarrafa aikatau da ake kira Bescherelle. Sunan wani masanin nahawu ne, Louis-Nicolas Bescherelle, wanda ya wallafa irin wannan littafi a shekarar 1842, kamfanin Hatier kuwa shi ke buga wanda ɗalibai ke riƙewa yanzu. Galibinsa jadawali ne, kowane shafi da aikatau guda, an jera dukkan sigoginsa. Wannan sharhi zai dubi gurbi ɗaya ne daga cikin jadawalin, wato wanda aka yi wa kanu da plus-que-parfait du subjonctif.

Ginin wannan siga ba shi da wuya. Akan ɗauki ɗaya daga cikin mataimakan aikatau biyu, avoir ko être, a sa shi a sigar imparfait du subjonctif, sannan a biyo da participe passé na aikatau ɗin da ake so. Alal misali, aimer (so) yakan ba da: que j'eusse aimé, que tu eusses aimé, qu'il eût aimé, que nous eussions aimé, que vous eussiez aimé, qu'ils eussent aimé. Aikatau irin su venir (zuwa) kuwa être suke ɗauka, kuma sai sun dace da mai aikin wajen jinsi da adadi: qu'il fût venu, qu'elles fussent venues. 'Yar hular da ke kan eût da fût ita kaɗai ke bambanta su da eut da fut a rubuce, domin a baki lafazinsu ɗaya ne. Tana tsaye ne a madadin harafin s da ake rubutawa a da, kamar a eust, kafin ƙamus ɗin Hukumar Harshen Faransanci na 1740 ya bar rubuta shi.

Aikin sigar iri biyu ne. Na farko, takan zo a ƙaramar jimla don nuna abin da ya riga ya auku kafin wani abin da shi ma ya shuɗe: il regrettait qu'elle fût partie, wato yana baƙin cikin ta riga ta tafi. Na biyu, takan nuna abin da bai auku ba, da abin da zai biyo baya da ya auku: s'il eût plu, le mil eût poussé. Wannan na biyun ne tsofaffin bugun littafin suka sake jerawa a wani gurbi da sunan conditionnel passé deuxième forme, alhali kalmomin ba su sāke ba ko da harafi ɗaya.

Aibin jadawalin shi ne ya ba kowace siga fili daidai da 'yar'uwarta, ba tare da nuna wadda ke raye a bakin jama'a da wadda ta koma cikin littattafai ba. Gaskiya ne akwai bayani a sashen nahawu na littafin, amma ɗalibi jadawali yake buɗewa ya haddace. Bafaranshen yau qu'elle soit partie yake cewa, ya kuma ce s'il avait plu, le mil aurait poussé. Hukuma ma ta amince da haka: dokar da ministan ilmi René Haby ya sa wa hannu ran 28 ga Disamba 1976 ta yarda a karɓi passé du subjonctif a jarrabawa a inda tsohuwar ƙa'ida ta nemi wannan siga. Ke nan malamin da ya rage wa yaro maki a kan haka ya fi masu harshen tsanani.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yar da ita. Wanda bai gane ta ba zai yi ta tuntuɓe a rubutun Pascal, wanda ya yi amfani da ita a sananniyar maganarsa kan hancin Kiliyofatara, da na Flaubert da na Proust. Abin da ɗalibi ke bukata shi ne ya gane ta idan ya gan ta, musamman eût da fût, waɗanda suka fi yawan fitowa a labari.

A nan ne ɗalibi Bahaushe a Maraɗi ko Tawa yake da gata, in an nuna masa. Jimlar geron nan da aka kawo a sama, a Hausa cewa za a yi: da an yi ruwa, da gero ya tsiro. Kamar yadda eût ta zo sau biyu, haka da ta zo sau biyu, ɗaya a sharaɗi, ɗaya a sakamako. Yaro ya san wannan ma'ana tun kafin a kai shi makaranta, sai dai littafin da aka shirya domin 'ya'yan Faransawa ba zai gaya masa haka ba. Wannan aikin malami ne, da na masu shirya littattafan makaranta a ƙasashen da ake jin harsunan biyu. Idan aka fara da jimla biyu ko uku da fassararsu, haddar jadawalin za ta zo da sauƙi, kuma lokacin da ya saura sai a ba sigogin da yaro zai yi magana da su kullum.