Ɗan Dambe Tsakanin Kirari da Ƙididdiga

Duk wanda ya tashi a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san cewa ƙasar nan ba ta yi talaucin mawaƙa ba. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya zauna Maradun har ya rasu a 1991, Sa'idu Faru kuwa sunan garinsu na ƙasar Maradun yake amsawa. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa, sun yi wa makaɗa gata wajen tattara tarihinsu. To, amma mazajen da aka yi wa kiɗan fa, musamman 'yan dambe da 'yan kokawa, wa ya rubuta nasu?

Mu ɗauki Shago alal misali. Sunansa ya game ƙasar Hausa ta bakin Ɗan'anace, har yaron da bai taɓa shiga gidan dambe ba ya san karonsa da Ɗandunawa. Idan muka saurari waƙoƙin da kunnen nazari za mu ga makaɗin ya ƙware wajen zana halin mutum: zuciyarsa, da yadda yake shiga fili, da fargabar da ke kama abokin karo kafin a kai ga kisa. Sai dai aikin makaɗin maza shi ne zuga, domin kuwa kalangu ana kaɗa shi ne don a tsima jarumi. Saboda haka waƙar ba ta da ruwa da shekara, ba ta lissafa ranakun da gwaninta ya sha ƙasa, ba ta kuma bin sa gida bayan an kwance masa ɗaurin hannu. Wannan ba laifin Ɗan'anace ba ne. Laifin namu ne, mu masu alƙalami, da muka ɗauka kirari ya isa tarihi.

Don mu ga ɗaya ɓangaren, bari mu leƙa Amurka. A 1900 aka haifi wani Ba'armeniye mai suna Mike Gulian a garin Marash, ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa, wato daular da aka yi wa Armeniyawa kisan kiyashi a cikinta tun daga 1915. Shi ƙaura ta kai shi Amurka, ya shiga Jami'ar Brown, ya buga ƙwallon nan nasu da ake ɗauka a hannu ana ture juna, har aka sa sunansa cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan jami'o'in ƙasar na 1922. Daga 1923 zuwa 1927 ya buga wasan sana'a a ƙungiyoyin Buffalo da Frankford da Providence, ya rasu a 1970.

Ga shekaru ga garuruwa, komai a jere, domin mutanen can sun saba da ajiye lissafin wasa. Amma mai karatu zai lura cewa jerin nan ya yi tsalle daga Marash zuwa Brown kamar taku ɗaya ne tsakaninsu, alhali a nan ne labarin yake. Yaya baƙon yaro ya koyi harshen mutane? Da wane suna abokan wasa suke kiransa? Me ya ji da labarin garinsu ya iske shi? Ƙididdiga ba ta amsa irin waɗannan tambayoyi, kamar yadda kirari ba ya ba da kwanan wata.

Ɗan dambenmu shi ma baƙo ne a mafi yawan rayuwarsa. Bisa al'ada wasan na mahauta ne, ana fita bayan kaka, a bi kasuwanni da garuruwa, a kwana a zauren wani, a kara da ɗan gari a gaban 'yan'uwansa. Wannan baƙunta ita ce jigon da marubutanmu suka bari a ƙasa. Bugu da ƙari, yankinmu ya san ƙaura da kansa: madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ta raba dubban manoma da gonakinsu, aka kuma kashe masu zanga-zanga a 1980. Marubucin da zai ba da labarin saurayin da ya bar gida ya shiga dambe a waɗannan shekaru dole ya tambayi abin da ya fitar da shi.

Shawararmu ga 'yan ƙungiya, musamman sababbin hannu, ita ce su haɗa hanyoyin biyu. A samu tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu da sarakunan fawa, a zauna da su, a naɗi maganarsu. Idan dattijo ya manta shekara, a tambaye shi wane sarki ke kan gado a lokacin, ko kafin ruwan Bakolori ne ko bayansa. A ji ta bakin wanda aka kayar, don shi makaɗi bai waiwaye shi ba. A rubuta abin da jarumi ya koma yi da ƙarfi ya ƙare, ko fawa ko noma ko bara. Abin da mutum biyu ba su tabbatar ba, a faɗi wanda ya faɗe shi.

Aikin ba ya jiran sai an shirya. Dattawan suna ta tafiya, rashin tsaro kuma ya watsa ƙauyuka da dama a ƙasar Maradun da kewaye, kowane tsoho ya bi inda 'ya'yansa suka yi. Wanda ke da kaka ɗan dambe a gida, to, ya fara da shi. Allah ya sa mu dace.