Kwabo, Ɗari da Anini: Sharhi a kan Yadda Ake Nazarin Sunayen Ƙananan Kuɗi

Ya zama al'ada a littattafan koyarwa da kundayen ɗalibai, in an zo babin kalmomin aro, a jera kwabo da sule da fam a ce daga Ingilishi Hausa ta aro su, sa'an nan a wuce zuwa tebur da bokiti. Babu ƙarya a cikin jerin. Aibinsa shi ne yana sa ɗalibi ya ɗauka cewa Bature ne ya zo wa Bahaushe da canji. Malamin da ke koyar da wannan a Tambuwal ko Kebbe yana koyar da jikokin mutanen da suka daɗe suna ciniki da wuri a hanyar Sakkwato zuwa Jega, ga shi kuwa kalmar kuɗi kanta, wadda Sakkwatawa ke furtawa kuɗɗi, jam'in wuri ce.

Asalin kwabo kalmar Ingilishi ce mai nufin jan ƙarfe. A wasu ƙasashen da Ingila ta mallaka, musamman Ostareliya a shekarun 1850 zuwa 1860, canji ya yi wuya har masu kantuna suka riƙa buga kwabban jan ƙarfe na kansu, da sunan kanti a jiki, suna mayar wa masu sayayya. Abin ya karɓu a can domin babu wani ƙaramin kuɗi da zai cike gurbin.

An jarraba irin wannan a bakin Kwara. A 1858 Macgregor Laird, ɗan kasuwar Sikotilan mai jiragen ruwa a kogin, ya sa aka buga masa wani ɗan kwabo mai hoton jirgi, da shekarar Hijira 1274 a jikinsa. Darajarsa kashi ɗaya cikin takwas na kwabon Ingila, wato kashi ɗaya cikin 400 na dalar azurfa. A nan ne ya kamata manazarci ya tsaya ya yi lissafi. Barth ya tarar ana canjin dala a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Bisa wannan farashi, ɗan kwabon Laird, duk ƙanƙantarsa, ya haura wuri shida. Ashe mai tallan daddawa ta riga shi samun kuɗin da ya fi nasa rarrabuwa, kuma wanda ba ya bukatar a san sunan mai kanti kafin a karɓa. Kwabon Laird bai yi tasiri ba, shi kansa ya rasu a 1861.

Bayan cin Sakkwato a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta gamu da matsalar da Laird ya gamu da ita, sai ta fito da anini a 1907, mai huda a tsakiya da rubutun Larabci. Da alminiyam aka fara yin sa, aka koma farin ƙarfe na gamin nikel a 1908. Abin lura shi ne anini kashi ɗaya cikin goma ne na kwabo, alhali Ingila kanta kashi huɗu take raba kwabonta. Amsar wannan tana cikin wata kalma da masu jera kalmomin aro kan tsallake, don ba ta da kamar baƙuwa, wato ɗari. Bahaushe ya kira rabin kwabo ɗari ne saboda ya auna shi da wuri ɗari. In haka ne, kwabo wuri 200 ke nan, anini kuwa wuri ashirin, wato hauya guda a ƙidayar wuri. Farashin wuri ya sha hawa da sauka daga kasuwa zuwa kasuwa, amma sunan ya tsaya a inda aka fara aza shi. Da ma'aunin wuri aka karɓi kuɗin Bature, kuma wannan magana ce ta ilimin ma'ana, ba ta tsarin sauti kaɗai ba.

Wani abin da jerin ke ɓoyewa shi ne kwabon da aka fara kashewa a Arewa ba ja ba ne. Fari ne, mai huda, sai a 1952 aka mayar da shi na tagulla. Ke nan sunan bai fito daga launin abin da ke hannun Batambuwale ba. Ya fi kama da kalmar da ta hauro daga bakin teku, inda aka saba da jan kwabon Ingila, kuma Yarabawa ma suna da ita. Cewa kawai "daga Ingilishi" ya share duk wannan tafiya.

Tun da aka shigo da naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, anini da ɗari da taro suka koma zaman karin magana. Ana jin "ba ni da ko anini" da "ko sisin kwabo" a bakin matasan da ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ɗalibin da zai yi kundi a kan waɗannan kalmomi zai fi samun abin rubutawa wajen tsofaffin 'yan koli da masu awon hatsi na Tambuwal da Dogon Daji da Kuci, waɗanda suka yi ciniki da anini da hannunsu, kuma suka ji ƙidayar hauya da keso daga bakin iyayensu.