Tsirkiya Biyu, Yatsu Biyu: A Daina Raina Ɗan Koyon Gurmi

Zargi biyu ake jifan saurayin da ya rataya gurmi da su, idan ba gidan kiɗa ya fito ba. Na farko daga bakin 'yan boko da yaran situdiyo yake fitowa: wai me za a koya a tsirkiya biyu, abu ɗaya ake ta nanatawa har gari ya waye. Na biyu na gidajen makaɗa ne: wai kiɗa gado ne, ɗan haye iyakarsa kwaikwayo. Duka biyun ana jin su a nan kudancin Kano, daga Badafi har Tudun Wada da Doguwa, kuma babu wanda yake da tushe a cikinsu balle makama.

Tarihin ba ya buƙatar dogon bayani. Garaya ta maharba ce da 'yan bori, shi ya sa ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan da ke kewaye da dazuzzukan Falgore da Ɗansoshiya. Gurmi na 'yan kokawa ne da samarin dandali, kafin irin su Haruna Uji na Haɗeja su shigar da shi gidajen rediyo da faifai. Kuntigi kuwa Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da shi, tsirkiya ɗaya tal a kan gwangwani, har ya rasu a 2015. A 1971 David Ames da Anthony King sun tattara sunayen waɗannan kayan kiɗa da sassansu a littafi, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka. Amma har gobe ɗalibi zai cika kundi da baitoci, ya sallami kiɗan da layi biyu. An yi wa harshe hidima, an bar hannu.

To, mu dubi hannun. Wuyan gurmi sanda ce sumul, ba ta da 'yan ƙarafan nan da aka jera a wuyan jita don su nuna wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne kaɗai jagora. Ka goce da faɗin ƙwayar gero, amo ya karkace, duk wanda ke wurin ya ji. Wannan na hannun hagu ke nan, kuma shi ne mai sauƙin.

Aikin yana hannun dama. Babban yatsa yana kan tsirkiya mai kauri, yana ajiye amo ɗaya a lokacinsa, ba gaggawa ba jinkiri. Manuni yana kan siririyar, yana shiga tsakanin bugun babban yatsa, wani lokaci ya riga shi, wani lokaci ya bi bayansa. Lugude ne sosai, irin na mata biyu a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na sama, ta waccan na ƙasa, in ɗaya ta kalli 'yar'uwarta sai su gwabza. Nan ne ɗan koyo yake shan kashi. Da zarar hankalinsa ya koma kan manuni, sai babban yatsa ya tsaya yana jira, ko ya bi sawun ɗan'uwansa su sauka tare. Kiɗan ya mutu ke nan, ko da kowane amo daidai yake. Gwani kuma yana ƙara na uku: gefen hannu ko farce yana ɗan taɓa fatar da aka rufe ƙwaryar da ita, sai ka rantse akwai mai ƙaramar ganga a bayansa. Kan wannan duka zai ɗora murya.

Sai batun magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta. Saboda haka take ba jerin amo ba ne kawai, zance ne. Idan aka kaɗa taken wani ɗan kokawa ko wani maharbi, siririyar tsirkiya tana bin hawa da saukar kirarinsa gaɓa bayan gaɓa, har da tsawon wasali. Ɗan koyo yana iya haddace inda yatsu ke sauka tsaf, dattijon da ke gefe ya girgiza kai ya ce gurmin bai ce komai ba. Abin da ya ɓace ɗan jinkiri ne a kan doguwar gaɓa, ko ɗan zamewar yatsan hagu a inda murya take faɗowa. Mai cewa maimaici ne bai saurara ba. Zagaye na goma ba irin na farko ba ne: an tsallake bugu ɗaya, an ninka wani, an jinkirta shigowar manuni don mai taken ya ji tsikar jikinsa ta tashi.

Wahalar ba ta tsaya a yatsu ba. Da damina fatar takan saki, sai an kanga ta a wuta kafin ta yi magana. Da hunturu ta ɗaure tamau, amo ya haye sama. Zoben fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin sanda yakan zame ana tsakar kiɗa, mai koyo ya tura shi da babban yatsa yana lalube. Bakin manuni yakan yi bororo, ya fashe, sannan ya yi kanta. Manomin da ya wuni a gonar masara, da daddare ya kara waya a kunne yana maimaita guntun tsohon faifai don ya kamo juyi ɗaya, ba wasa yake yi ba.

Zancen gado kuwa, mu leƙa maƙwabta. Ali Farka Toure na Mali ba daga gidan maroƙa ya fito ba, danginsa ma ba su so ya yi kiɗa ba. Da 'yar molo mai tsirkiya ɗaya ya fara, ya kwashe salon yatsunta ya zuba a jita, ya ci kyautar Grammy, kuma har ya rasu a 2006 manomi yake kiran kansa. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, faifansa na farko kuma a Sakkwato aka naɗe shi a 2008. A Amurka, Elizabeth Cotten bahaguwa ce mai aikatau, ta juya jita ta koya wa kanta, yau salonta darasi ne da sunanta ake kiransa. Abin da masu jita suke shekaru suna fama da shi, wato raba babban yatsa da sauran yatsu kowa ya kama aikinsa, shi ne darasin farko a gurmi. Yaron Kiru ko Bebeji da ke sha'awar jita, da zai fara zama gaban mai gurmi, da ya rage wa kansa rabin tafiya.

Ni a wurina ma ɗan koyo ya fi ɗan gado amfani ga wannan kiɗa a yau. Makaɗin sana'a abin da za a yi masa liƙi yake kaɗawa. Gidan biki ya koma na DJ da fiyano, wanda ya rage da gurmi a hannu dole ya zaɓi mai sauƙi mai tashe, ya bar dogayen taken da masu su sun kwanta dama. Ba laifinsa ba ne, iyali gare shi. 'Ya'yansa kuma da yawa sun kama acaba ko tireda. Wanda zai ɓata wata guda a kan take mai wuya wanda ba mai biyan ko sisi a kansa, sai wanda abincinsa yake wani wuri: tela, malamin firamare, mai facin taya. Shi ba ya sauri, ba ya yanke juyi don jama'a sun gaji, kuma ba ya jin kunyar komawa wurin tsoho ya durƙusa ya ce, Baba a sake maimaita mini.

Don haka masu nazari su rage tambayar wa ya haifi makaɗi, su fara tambayar wane take yake iya fitarwa da yatsunsa. Dattawan da suka san waɗannan take a ƙasar Kiru da Doguwa ba ƙaruwa suke yi ba, kuma take ba ya zama a takarda. In ba a sami hannun da ya karɓe shi ba, ranar da aka binne mai shi aka binne shi.