Taron Suna Ba Jariri

A shekara ta 2009 aka buga wani littafi a Ingila mai suna The Atheist's Guide to Christmas, wato jagoran bikin Kirsimeti domin waɗanda ba su gaskata akwai Allah ba. Ariane Sherine ce ta tattara shi. Mutum 42 suka yi rubutu a ciki, masana kimiyya da 'yan jarida da masu barkwanci, har da Richard Dawkins, masanin nan da ya yi suna wajen jayayya da addini. Kuɗin da ya kamata a biya marubutan an miƙa shi ga wata ƙungiya mai taimakon masu ɗauke da cutar ƙanjamau, wannan kuwa abin yabo ne.

Jigon littafin shi ne: mutum yana iya cin moriyar Kirsimeti ba tare da ya gaskata da Almasihu ba. A watan Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Mutanen da ke cikin irin wannan duhu suna bukatar fitilu da abinci mai zafi da taron dangi. Sun ce tun kafin Bishara ta isa Turai ana irin wannan shagali, don haka biki na kowa ne.

Kada mu yi gaggawar tsaki, domin rabin maganarsu gaskiya ce. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekara ta 336, kuma Romawa suna da nasu bikin Saturnaliya a tsakiyar wannan wata tun dā. Itacen da ake yi wa ado al'adar Jamusawa ce, sai a ƙarni na 19 ta bazu a Ingila. Har ma a 1647 Majalisar Ingila, ƙarƙashin rinjayen Kiristoci masu tsanantawa, ta soke bikin ɗungum. Bangaskiyarmu ba ta rataya a kan kalanda ko itace ba. Wanda ya ce waɗannan ba daga Luka suka fito ba, bai rushe mana kome ba.

Raunin littafin yana wani wuri dabam. Dawkins ya sha faɗa a fili cewa shi Kirista ne na al'ada, yana kuma jin daɗin waƙoƙin Kirsimeti. To, amma waƙoƙin nan shaida ce ake rerawa: cewa Allah ya zama mutum, cewa an haifi Mai Ceto. In labarin ƙarya ne, me ya sa zaƙinsa ya ƙi barin bakin mai musunsa? Tom Flynn, wani marar bangaskiya ɗan Amurka wanda ya wallafa The Trouble with Christmas a 1993, ya ga wannan saɓani. Ya ƙi yin bikin, yakan tafi ofis ranar Kirsimeti kamar kowace rana. Ba mu yarda da shi ba, amma ya girmama bikin fiye da abokan ra'ayinsa, domin ya gane cewa Kirsimeti magana take yi, kuma maganar tana neman amsa.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi. Murnar da littafin yake tallatawa ta mai gida ce, mai dangi, mai abin sayen kyauta. Ina rabon gwauruwar da ta binne mijinta a watan jiya? Ina rabon ɗan kurkuku, ko wanda rikici ya raba da ƙauyensa? In an cire jaririn, ba abin da ya rage musu sai kallon fitilun maƙwabta. Amma labarin da Luka da Matiyu suka rubuta a cikin wahala ya faru: tafiyar dole saboda ƙidayar Kaisar, haihuwa inda ba masauki, kwanciya a komin dabbobi, takobin Hirudus, gudun hijira zuwa Masar. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne masu kwana a daji. Wannan murna takan sami mutum ko da tukunyarsa a kife take.

Kowa ya san taron suna. A yanka rago, a raba goro, a cika gida da baƙi. Amma in aka tambayi mai gida ina jaririn, ya ce ai babu, taron kawai yake so, za a ci naman, sai dai kowa zai koma gida yana mamaki.

A nan ne, 'yan'uwa, littafin ya juyo kanmu. Waɗannan marubuta sun faɗi abin da suke yi ba ɓoye-ɓoye. Mu fa? Tun farkon Disamba hankalinmu yana wurin tela, da buhun shinkafa, da kuɗin mota zuwa gida. Wani yakan ci bashin da zai kai shi Ista yana biya. Ranar kuma mu shiga sujada a makare, ido yana kan ɗinkin maƙwabciya, zuciya tana kan tukunya. Wanda ya yi haka, bikinsa da na Dawkins ɗaya ne, sai dai shi yana da katin baftisma.

Shinkafa ba zunubi ba ce, sabuwar riga ma haka. Ubangijinmu da kansa ya halarci biki a Kana. Amma bana, kafin a ɗora tukunya, a tara iyali a karanta Luka sura 2. A zuba kwano na farko a kai wa wanda ba shi da mai kai masa. In kuma akwai wanda ya bar bangaskiya amma har yanzu waƙoƙin suna taɓa shi, kada a yi masa gori. A ba shi wurin zama, a nuna masa jaririn da ake taron dominsa.