Littafin Masu Maganin Myddfai

A shekarar 1861 aka buga wani littafi a ƙasar Wales ta Keltawa, wanda ya tattara magungunan saiwa da ganye na masu maganin ƙauyen Myddfai. Masu karatu sun rabu biyu a kansa. Waɗansu suna yabonsa, wai gadon kakanni ne, waɗansu kuwa suna tuhumarsa. Kowa da gaskiyarsa. Kashi na farko daga wani tsohon kundi aka kwafo shi, wanda yau ya shekara fiye da 600. Amma na biyu ta hannun Iolo Morganwg ya fito, mutumin da ya shahara da ƙaga takardun jabu. To, mai karatu, kuskuren tarihi yana gyaruwa, amma magani in ya shiga ciki sai ta Allah. Ka karanta don sanin tarihi, kada ka jiƙa ka sha.