Kama da Wane Ba Ta Wane: Sharhi Kan Lissafin Fatar Kan Kada

Duk wanda ya san yadda tabki ke ƙafewa da rani a yankin Wurogauri, ko a fadamun Gwandu da Kalgo, ya san zanen da laka ke yi idan ta bushe: gida-gida, wani babba wani ƙarami, babu biyu da suka yi daidai. Idan ka dubi fuskar kada da muƙamuƙinsa za ka ga zane mai kama da wannan. Kamar nan ce ta ja wasu masana suka gina bayani a kanta, bayanin da su da kansu suka gyara bayan shekara goma sha ɗaya. Wannan sharhi ya duba ayyukan nasu guda biyu, domin akwai darasi a ciki ga duk mai son haɗa lissafi da ilimin halittu.

Ɓawon jikin kada, kamar gashin tsuntsu, yana farawa ne tun a cikin ƙwai daga wasu ɗigo-ɗigo da ƙwayoyin gado ke tsara wa wuri, shi ya sa yake fitowa jere. Na fuska kuwa ba haka yake ba. A 2013 Michel Milinkovitch da abokan aikinsa na Jami'ar Janiba a Suwizalan suka wallafa bincike a mujallar Science. Sun ɗauki hotunan kawunan kadoji ta kowane ɓangare, suka sa kwamfuta ta auna layukan. Suka tarar zanen dama bai yi daidai da na hagu ba, na wannan kada bai yi daidai da na wancan ba, wasu layukan ma sun tsaya a hanya ba su haɗe da komai ba. Sai suka yanke cewa fatar tsagewa take yi, kamar laka, saboda ƙashin kai na girma yana jan ta.

A yaba musu a inda suka cancanta. Sun nuna cewa ba kowane zane a jikin dabba ne ƙwayoyin gado suka tsara dalla-dalla ba. Ja da matsi ma suna da hannu. Wannan tunani ne da D'Arcy Thompson ya kawo tun 1917, su kuma suka sa masa awo. Amma raunin aikin a fili yake. Awon ya tabbatar da cewa zanen biyu sun yi kama, bai tabbatar da cewa abu ɗaya ne ya haifar da su ba. Ba a taɓa ɗan tayin an canza masa wani abu an ga abin da zai biyo baya ba. Kama da wane kuwa ba ta wane.

A Disambar 2024 wannan ɗakin bincike ya sake fitar da aiki a mujallar Nature, sakamakon kuma ya juya na farko. Fatar ba jan ta ake yi har ta tsage ba. Ita ce ke girma fiye da abin da ke ƙarƙashinta, wuri ya yi mata kaɗan, sai ta tattare. Ka ɗauki tabarmar da ta fi ɗaki faɗi ka tilasta mata shiga: dole ta yi tudu da kwari. Layukan da ake gani a fuskar kada kwarin ne.

Me ya sa wannan karon ya fi gamsarwa? Saboda sun gwada. Fatar kan ɗan tayin kada sumul take har wajen kwana 50 a cikin ƙwai, sannan layuka su fara bayyana. Sai suka yi wa wasu ƙwai allurar wani sinadari da ke sa saman fata saurin girma da ƙara tauri. Idan tsagewa ce, ƙarin fata ya kamata ya sassauta jan, layuka su ragu. Sai ga shi sun ƙaru. A gefe guda suka gina samfurin lissafi a kwamfuta, suka ba shi siffar ƙashin kai, da saurin girman fata, da taurin samanta da na ƙasanta. Samfurin ya fitar da zanen kada na yau da kullum, da aka sauya lambobin kuma ya fitar da na waɗanda aka yi wa allura. Nan ne lissafi ya yi aikinsa: ya faɗi abin da za a iya ƙaryatawa, gwaji bai ƙaryata ba.

To amma a nan ma akwai inda ya kamata a ja birki. Wasu daga cikin kadojin da aka yi wa allura sun ƙyanƙyashe da ƙananan gidaje irin na kaiman, dangin kada da ke Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Daga nan aka kawo shawarar cewa bambancin fuskokin jinsunan kada na iya samuwa daga ɗan sauyi a girma da taurin fata. Mai yiwuwa ne, sai dai wannan ma hujjar kama ce. Samfurin da ke da lambobi da yawa da ake iya murɗawa zai iya zana abubuwa da yawa. Nuna cewa hanya tana iya kai ka gari daban ne da nuna cewa ita aka bi. Kafin a amince, sai an auna fatar ɗan tayin kaiman ɗin kansa an ga lambobin sun dace.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Gwajin an yi shi ne da kadan Nilu, alhali binciken ƙwayoyin gado na 2011 ya nuna cewa akwai wani jinsi daban da ya yaɗu a Afirka ta Yamma. Kafin a ce bayanin ya hau kan kadojin gulabenmu, irin waɗanda ake ba da labarinsu a Matan Fada ta Argungu, sai an duba su. Matakin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: hotuna masu kyau, ƙirga gidaje da kusurwoyi, sai kwamfuta. Aiki ne da ɗalibin lissafi da na ilimin dabbobi a Jami'ar Tarayya da ke Kalgo ko ta jiha da ke Aliero za su iya haɗa kai su yi.

Ga mai karatu kuma, tsohon bayanin tsagewa yana nan yana yawo a intanet. Duk lokacin da aka nuna maka zanen kwamfuta kusa da hoton dabba aka ce ga yadda abin ke faruwa, yi tambaya biyu: lambobin nan an auna su ne a jikin dabbar ko an murɗa su har hoto ya fito? Kuma wane gwaji aka yi wanda da samfurin ƙarya ne da ya tona shi?